FASHIN BAƘI: Yadda ake zana wa motocin rabon kaya hanya, da abin da lissafin ke mantawa

Kamfanin UPS na Amurka, ɗaya daga cikin manyan kamfanonin kai saƙo da rabon kaya a duniya, ya taɓa fitar da wani lissafi da jami'ansa suka daɗe suna maimaitawa: idan aka rage wa kowane direbansa tafiyar mil ɗaya tak a rana, wato kimanin kilomita 1.6, kamfanin zai iya tsimin dala miliyan 50 a shekara. Motocin su ne dai, direbobin ma su ne. Abin da zai sauya kawai shi ne jerin gidajen da direba zai bi, wanne ne na farko, wanne ne na biye.

Ga mai karatu a Najeriya, darajar kilomita ɗaya ba ta buƙatar dogon sharhi. Daga ranar 29 ga Mayu, 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da ƙarshen tallafin man fetur, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da naira 500 a jihohin Arewa cikin 'yan kwanaki, kuma kafin 2024 ta ƙare ta haura naira 1,000. Duk motar biredi, ko ta ruwan leda, ko ta magani da ta yi zagayen da bai zama dole ba, akwai mai biyan kuɗin man da ta ƙona: ko mai kamfani, ko direban da aka yanka wa kuɗin mai tun da safe, ko kuma mai sayen kayan a shago.

Tambayar da ke gaban mai motocin rabo kowace safiya ba ta da wuyar faɗa. Ga sito guda, ga motoci kaza, kowace da iyakar lodin da take ɗauka, ga kuma shaguna ko gidaje kaza da ke jiran kaya. Wace mota za ta je ina, kuma da wane jeri? Shekara fiye da 60 ke nan masana lissafi na fama da ita, kuma har yau babu babban kamfanin da zai iya rantsewa cewa hanyar da ya miƙa wa direbobinsa da safe ita ce mafi gajarta da za a iya samu. Abin da ake aiki da shi dabaru ne na kirdado mai tsari, waɗanda masana ke kira hiyuristik: ƙa'idojin da ke fitar da amsa mai kyau cikin daƙiƙu ko mintuna, ba tare da alƙawarin cewa babu wadda ta fi ta ba.

Me ya hana kwamfuta gwada kowace hanya?

Amsar tana cikin yadda lambobi ke kumbura. Direba mai zango uku yana da jeri 6 da zai iya bi. Mai zango biyar yana da 120. Mai zango goma yana da 3,628,800. Da an kai zango 20, adadin ya zama lamba mai alƙaluma 19, wadda ko kwamfutar da ke duba jeri biliyan ɗaya a kowace daƙiƙa sai ta shekara 77 tana aiki ba hutu kafin ta gama. A ƙara zango ɗaya kacal, aikin ya koma na shekara 1,600 da ɗoriya. A zango 25 kuwa ana maganar shekara kusan miliyan 490. Direban UPS yakan tsaya a wurare fiye da 100 a yini guda.

Wannan ita ce tsohuwar matsalar da littattafan lissafi ke kwatantawa da ɗan koli mai yawo gari-gari: yana so ya shiga kowane gari sau ɗaya, ya dawo gida, da tafiya mafi ƙaranci. Masana sun samo hanyoyin warware ta ba tare da gwada kowane jeri ba, ta yin watsi da miliyoyin jeri lokaci guda da zarar lissafi ya nuna babu alheri a cikinsu. A 1954, George Dantzig da Ray Fulkerson da Selmer Johnson na cibiyar bincike ta RAND sun fitar da hanya mafi gajarta tsakanin birane 49 na Amurka, tare da hujjar cewa babu wadda ta fi ta. A 2006 wata tawaga da William Cook ke ciki ta yi haka ga wurare 85,900, amma in da kwamfuta ɗaya ce ta yi aikin, da ta shekara kusan 136 a kansa. Manajan da lodinsa zai fita ƙarfe shida na safe ba shi da wannan sararin.

Ɗan koli ma mutum ɗaya ne. Matsalar motoci da yawa ta fi tasa tsauri, domin kafin a jera zangon kowace mota sai an raba kwastomomi tsakanin motocin, kowane sabon rabo kuma yana rushe jerin da aka yi. Dantzig ɗin ne dai, tare da John Ramser, ya fara rubuta ta a matsayin matsalar lissafi a 1959, kuma misalin da suka ɗauka ba baƙo ba ne a wurinmu: tankokin da ke ɗauko fetur daga daffo suna raba wa gidajen mai. Gidajen mai 12 kacal suka yi gwaji da su, kuma ko a nan ba su ce dabararsu na kai wa ga amsa mafi kyawu ba. Cewa suka yi tana kusantarta. Binciken Richard Karp na 1972 ya sanya dangin waɗannan matsaloli cikin rukunin da har yau ba a san wata hanya mai sauri da ke warware kowace irinsu ba. Tun 2000 Cibiyar Lissafi ta Clay ta ajiye dala miliyan ɗaya ga duk wanda ya tabbatar da cewa akwai irin wannan hanya, ko ya tabbatar babu, kuma kuɗin na nan ba wanda ya ɗauka.

Dabarun gina hanya

Dabarar farko ita ce wadda kowa zai yi da ka: daga inda kake, nufi wurin da ya fi kusa, daga can ma ka nufi mafi kusa, har ka gama. Tana da daɗi a farkon yini. Matsalar tana bayyana da la'asar, lokacin da direba zai tarar ya tsallake shago ɗaya a nan, ɗaya a can, kuma dole ya ƙetara gari ya koma musu. Sauri ya haifi nawa. Gwaje-gwajen da David Johnson da Lyle McGeoch suka wallafa a 1997 sun nuna cewa, a kan wuraren da aka watsa barkatai, wannan dabara na ba da hanyar da ta ɗara mafi gajarta da kimanin kashi 25 cikin 100. Ga motar da ta kamata ta yi kilomita 80, ƙarin kilomita 20 ke nan kullum.

Dabarar da ta fi kowace tasiri a tarihin wannan fanni ta fito ne daga birnin Manchester na Ingila a 1964. G. Clarke ma'aikacin wata babbar ƙungiyar gama-kai ce mai raba wa shaguna kayan sari, J. W. Wright kuma malami ne a jami'ar birnin. Sun fara daga tsari mafi muni da hankali zai iya kawowa, wato kowane shago a tura masa motarsa shi kaɗai, ta je ta dawo. Sai suka tambaya: idan aka haɗa shaguna biyu a tafiya ɗaya, nawa za a rage?

A ce shagon farko yana da nisan kilomita 10 daga sito, na biyu 12, tsakaninsu kuma kilomita 3. In an je wa kowanne daban, an yi 20 da 24, jimla 44. In mota ɗaya ta je na farko, ta zarce na biyu, ta dawo, ta yi 10 da 3 da 12, jimla 25. An yi tsimin kilomita 19. A ce kuma akwai shago na uku mai nisan kilomita 11, amma a ɗaya ɓangaren garin, kilomita 20 tsakaninsa da na farko. Haɗa waɗannan biyun kilomita ɗaya kawai zai rage. Ƙa'idar ke nan: a tara nisan kowanne daga sito, a ɗebe nisan da ke tsakaninsu, abin da ya saura shi ne tsimin. Ana yin wannan lissafi ga kowane shaguna biyu, a jera sakamakon daga babba zuwa ƙarami, a dinga haɗawa daga sama, muddin lodin bai wuce ƙarfin mota ba. Shaguna 100 na ba da haɗi 4,950, abin da ko wayar hannu za ta lissafa kafin a ƙifta ido.

Hikimar da ke ciki ita ce dabarar na fara kula da na nesa. Shaguna biyu da ke can bakin gari kusa da juna su ne ke da tsimi mafi girma, saboda haka su ake fara ɗaurewa tare, na kusa da sito kuwa ko yaushe ana iya cusa su. Rauninta shi ne ba ta warware abin da ta ƙulla. In ta yi haɗin da daga baya ya zama cikas, haka za ta tafi da shi, shi ya sa motar ƙarshe takan kwashi ragowar da ba su da alaƙa da juna. Duk da haka, shekara 60 bayan wallafa ta, tana cikin zaɓin da manhajar OR-Tools ta Google, wadda kowa ke iya saukewa kyauta, ke bayarwa don fitar da tsarin farko.

A 1974 Billy Gillett da Leland Miller suka kawo wata mai sauƙin gani da ido. A ɗauki sito a matsayin tsakiyar agogo, a juya hannun agogon a kan taswira. Duk shagon da hannun ya shafa a zuba shi a motar farko har ta cika, a ci gaba da ta biyu, har hannun ya zagayo. Bayan nan sai a jera zangon kowace mota. Duk wanda ya san yadda ake lodi daga Kasuwar Singa a Kano zai ga ba sabon abu ba ne: kayan hanyar Haɗejia daban, na hanyar Gwarzo daban, na hanyar Zariya daban. Tana aiki sosai a garin da titunansa suka fita daga tsakiya kamar yatsun hannu. Tana tuntuɓe a gari irin Kaduna, inda kogi ya raba birnin biyu: shaguna biyu na iya kasancewa a saiti ɗaya a kan takarda, alhali sai an yi doguwar tafiya zuwa gada kafin a haɗa su.

Sai batun lokaci, wanda ke dagula komai. Mai shayi yana son biredi kafin gari ya waye, babban kanti ba ya karɓar kaya sai an buɗe ƙofar baya, asibiti na da sa'o'insa. Marius Solomon ya nuna a 1987 cewa a irin wannan yanayi dabarar cusawa ta fi dacewa: a fara da kwastoma ɗaya mai nisa ko mai matsattsen lokaci, a dinga neman wanda za a iya cusawa tsakanin zango biyu da ƙarin tafiya mafi ƙaranci, ba tare da an makarar da na gaba ba. Matsaloli 56 da ya tsara, kowace mai kwastoma 100, har yau da su ake auna sababbin dabaru.

Gyara bayan gini

Duk waɗannan suna ba da tsarin farko ne. Babban ribar tana zuwa a mataki na biyu, inda kwamfuta ke ɗaukar tsarin ta dinga yi masa ƙananan gyare-gyare. Mafi shahara, wanda G. A. Croes ya bayyana a 1958, shi ne a tsinke hanyar a wuri biyu a sake ɗaura ta da juyayyen tsari, in ta gajarta a bar ta haka. Mai duba taswira zai iya yin wannan da idonsa: duk inda layin tafiya ya gitta kansa, a fili dai, akwai tafiyar banza, kuma kwance gicciyen yana rage ta. A gwajin Johnson da McGeoch, wannan gyara kaɗai yana sauko da rarar zuwa kusan kashi 5 cikin 100. Ingantacciyar sigar da Shen Lin da Brian Kernighan na cibiyar Bell Labs suka fitar a 1973 tana kai ta kusan kashi 2. Ga motoci da yawa ana ƙara wasu gyare-gyaren, kamar ɗauke shago daga wannan mota a ba waccan, ko musayar shaguna biyu tsakaninsu.

Akwai inda gyaran ke cijewa. Kwamfuta za ta kai matsayin da duk ƙaramin sauyin da ta gwada yana ƙara tsawon hanya ne, sai ta tsaya, alhali akwai tsarin da ya fi wannan nesa ba kusa ba, wanda ba a isa gare shi sai an ratsa ta tsare-tsare marasa kyau. Kamar mai hawan dutse ne cikin hazon hunturu: ya kai kan wani tudu, ko ina ya sa ƙafa gangara ce, sai ya ɗauka ya kai ƙololuwa, ga babban tsaunin can a gabansa hazo ya rufe.

Maganin da masu bincike uku na kamfanin IBM, Scott Kirkpatrick da Daniel Gelatt da Mario Vecchi, suka kawo a 1983 daga maƙera suka aro shi. Ƙarfen da aka tsoma a ruwa yana ja zur yakan yi tauri amma ya yi saurin karyewa, wanda aka bari ya huce sannu a hankali kuwa cikinsa yakan daidaita. Sai suka bar kwamfuta ta dinga karɓar sauyin da ya ɓata hanya lokaci-lokaci, da yawa a farko, tana ragewa yayin da aiki ke nisa, har ta daina. Ja da baya ga rago ba tsoro ba ne. Fred Glover ya zo da wata a 1986 wadda ke riƙe jerin sauye-sauyen da aka yi kwanan nan ta haramta komawa kansu na ɗan lokaci, don kada a yi ta kewaya wuri ɗaya. Manhajojin zamani da dama kuma suna aiki da dabarar rusa a sake gini, wadda Paul Shaw ya gabatar a 1998, Stefan Ropke da David Pisinger suka faɗaɗa a 2006: a zare kwastomomi da dama daga tsarin gaba ɗaya, a sake cusa su, a maimaita sau dubbai.

Akwai kuma masu kwaikwayon halittu, irin ta tururuwa da Marco Dorigo ya gabatar a Italiya a 1992. Bayanta an yi ta fito da na ƙudan zuma, da kyarkeci, da jemage, har wani masani ɗan Beljiyam, Kenneth Sörensen, ya rubuta suka mai zafi a 2015 yana cewa da yawansu tsofaffin dabaru ne aka sauya wa riga. Mai kamfanin da ɗan talla ya zo masa da manhaja mai sunan dabba, ko mai taken ƙirƙirarriyar basira, gara ya ba shi jerin kwastomominsa na makon jiya ya ce a nuna masa kilomita nawa za ta rage.

Inda lissafi ya gamu da titi

Labarin UPS ya nuna cewa dabarar lissafi ita ce ɓangare mai sauƙi. Manhajarsu mai suna ORION ta ɗauki kusan shekara goma ana gina ta, ta ci kimanin dala miliyan 250, kuma sai a ƙarshen 2016 aka gama shimfiɗa ta a kan hanyoyi kusan 55,000 a Amurka. Kamfanin ya ce tana rage mil shida zuwa takwas ga kowane direba a rana, abin da ke kai wa mil miliyan 100 da galan miliyan 10 na mai a shekara. Alƙaluman kamfanin ne da kansa, sai dai sun yi daidai da juna: mil bakwai sau 55,000 sau ranakun aiki 260 ya ba da miliyan 100 ɗin. Aikin ya ci lambar yabo ta Franz Edelman a 2016, wadda ita ce mafi girma a fannin.

Abubuwa biyu ne suka ja aikin ya daɗe. Na farko taswira. Taswirar da ake saya a kasuwa tana iya nuna gida a bakin titi alhali ƙofarsa tana can ciki, ko ta nuna gaban kanti alhali ta baya ake sauke kaya. Dole kamfanin ya gina tasa, mai adireshi kusan miliyan 250. Na biyu ɗabi'ar mutane. Tsarin da ke sauya wa direba hanya gaba ɗaya kowace safiya don rage mita ɗari biyu yana rikita shi, yana kuma ɓata wa kwastoman da ya saba ganin mota da hantsi. Sai aka koya wa manhajar ta manne wa jerin da aka saba, ta kauce masa kawai inda ribar ta kai. Tun kafin ORION ma kamfanin ya shahara da guje wa kwanar hagu, domin a ƙasar da ake tuƙi a hannun dama, mai kwanar hagu sai ya jira ya ratsa motocin da ke tahowa, ga ɓata lokaci ga haɗari. Najeriya ma a hannun dama take tuƙi tun 1972, saboda haka hujjar tana nan daram a kan titunanmu.

Amazon ya fito da batun fili a 2021. Tare da cibiyar nazarin sufuri ta jami'ar MIT, kamfanin ya saki bayanan hanyoyi sama da 6,000 da direbobinsa suka bi a yankunan birane biyar na Amurka, ya sa gasa. Abin lura shi ne ma'aunin gasar. Ba a nemi hanya mafi gajarta ba. An nemi wadda ta fi kama da wadda ƙwararrun direbobi suka bi da kansu, domin su suka san inda babu wurin ajiye mota, da layin da makaranta ke cushewa da rana, da ginin da ake shiga ta gefe. William Cook, wanda aka ambata a sama, tare da Stephan Held na jami'ar Bonn da Keld Helsgaun na jami'ar Roskilde ne suka ci dala 100,000 ta farko. Sun yi aiki da jikar dabarar Lin da Kernighan ta 1973, suka ɗora mata sharuɗɗan da suka tsamo daga ɗabi'ar direbobi, musamman yadda suke gama unguwa ɗaya kafin su shiga wata, da jerin da suke bin unguwannin. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma kamfani mai tarin injiniyoyi ya biya kuɗi don a koya wa kwamfutarsa abin da direba ya sani.

Idan haka ta faru a ƙasar da kowane gida ke da lamba, sai a auna namu. Duk dabarun da aka lissafa suna buƙatar abu guda kafin su motsa: nisa ko lokacin tafiya tsakanin kowane wuri da kowane wuri. A yawancin unguwanninmu adireshi kwatance ne, bayan gidan mai, kusa da masallacin Juma'a, ka kira in ka iso transfoma. Ghana ta ƙaddamar da tsarin GhanaPostGPS a Oktoban 2017, wanda ya ba kowane fili mai faɗin mita 5 da tsawon mita 5 lambarsa. Ko babu irin wannan, wayar direba na iya ɗaukar ainihin inda kowane shago yake a ranar da ya kai kaya, kuma mai motoci biyar da ya tara wannan na wata guda ya yi rabin aikin.

Yaƙi da cutar shan inna ya riga ya koyar da wannan darasi a Arewa. Shekaru ana tura ma'aikatan rigakafi da taswirar da aka zana da hannu. Daga 2012 aka shiga zana ƙauyuka da rugage daga hotunan tauraron ɗan'adam, ana ba tawagogi wayoyi masu nuna inda suka taka, sai aka ga matsugunan da ba sa cikin tsarin kowa. Wurin da ba ya kan taswira babu lissafin da zai aika masa mota.

Nisa ma ba shi ne farashi ba. Titin da ke ɗaukar minti goma da asuba yana iya cin awa guda ranar kasuwa, wani kuma a rufe yake ranar Juma'a da azahar. Gadar da ke nan a watan Maris ruwa na iya tafiya da ita a Agusta. Akwai shingayen da ake tsayawa, da hanyoyin da ba a bi bayan magariba, kamar yadda ta Kaduna zuwa Birnin Gwari ta kasance a shekarun da ta yi tana fama da 'yan bindiga. Kwamfutar da aka ce ta rage kilomita za ta tura mota ta nan ba tare da wata damuwa ba. Direba kuwa ya san hanyar lafiya a bi ta da shekara. Ana iya shigar da duk waɗannan cikin lissafi, a ba hanya mai haɗari farashi mai tsada ko a toshe ta daga wani lokaci, amma sai wani ya zauna da direbobi ya tambaye su.

Minti nawa aka ba ɗan'adam?

Cikin lambobin da ake ba manhaja akwai guda da ba a cika magana a kanta ba: minti nawa direba zai yi a kowane zango, da gudun da ake sa ran zai yi tsakaninsu. Lissafi ba ya samar da wannan lamba. Mutum ne ke rubuta ta, ko kuma a bar manhaja ta koye ta daga bayanan baya. In an rubuta minti biyu inda ake buƙatar huɗu, tsarin zai fito tsaf a kan allo, ya cusa wa mota ƙarin zango, bambancin kuma ya fita daga lokacin cin abincin direba, da sallarsa, da kewayawarsa. A watan Afrilun 2021 sai da Amazon ya nemi afuwar ɗan majalisar wakilan Amurka Mark Pocan, bayan ya musanta cewa ma'aikatansa na fitsari a gora, ya amsa cewa direbobinsa kan rasa banɗaki a kan hanya.

Misali mafi bayyana ya zo daga ƙasar Sin. A watan Satumban 2020 mujallar Renwu ta wallafa dogon bincike kan masu kai abinci a babur na kamfanonin Meituan da Ele.me. Ta ruwaito wani mai kula da tashar masu babur yana cewa lokacin da ake bayarwa don kai abinci nisan kilomita 3 ya sauko daga awa ɗaya a 2016 zuwa minti 45 a 2017, sannan 38 a 2018. Yadda abin ke faruwa shi ne abin tsoro. Mai babur yana tsoron tarar makara, sai ya keta danja ko ya bi hannun da ba nasa ba, ya isa da wuri. Manhaja ta rubuta cewa ana iya yin wannan tafiya cikin wannan lokaci, sai ta mayar da shi ma'auni ga kowa. Na gaba dole ya fi shi ganganci. Binciken ya kuma nuna manhajar kan zana wa babur hanyar mai tafiya a ƙasa, wadda ba ruwanta da titi mai hannu ɗaya.

Ele.me ya amsa da maɓallin da mai saye zai danna in ya yarda ya ƙara jiran minti biyar ko goma, abin da mutane da yawa suka ɗauka a matsayin ɗora wa kwastoma nauyin da ke kan kamfani. Meituan ya ƙara wa masu babur sassaucin minti takwas. A watan Yulin 2021 hukumomin gwamnati bakwai, ƙarƙashin jagorancin hukumar kula da kasuwanni ta ƙasar, suka fitar da umarnin da ya hana kamfanonin ɗaukar lokaci mafi tsauri da lissafi ya fitar a matsayin ma'aunin aikin mai babur, ya kuma buƙaci su sassauta wa'adin kai kaya.